Gurbin da Aka Bari a Hoton Falo

Zuwa ga sanyin idona, inuwata idan rana ta take, yayyafin farkon damina a kan busasshiyar zuciyata, malamar da ta koya wa yaran mutane karatu ni kuma ta koya mini kewa,

Ina gaishe ki gaisuwar mai ƙishin da ya hango rijiya, aka ce masa guga na hannun wani. Yayarki ta biyo ta shago jiya. Ko zama ba ta yi ba, daga bakin ƙofa ta ce jakarki a haɗe take a ƙarƙashin gado, kalma ɗaya kike jira daga bakina. In na ce ki fito, za ki bar gidan Baba ki koma gidan Baffa, shi kuma ya ɗaura mana aure ko Baba ya so ko bai so ba. Wayyo ni! Wane irin mutum ne za a miƙo masa wata a tafin hannu ya tsaya yana tunani? Na ce ta je zan rubuto. Ki yi haƙuri ki bi ni a sannu, ya abar ƙaunata, amsar tana tafe, amma sai kin ga abin da na gani.

Da tsakar rana nake miki wannan rubutu. An ɗauke wuta, fanka ta tsaya, layinmu ya yi tsit kamar an yi ruwa an ɗauke, ko ƙarar almakashin maƙwabcina mai aski ba na ji. Kin san bangon nan na bayan kantar shagona, inda nake manna hotunan da masu su ba su dawo sun karɓa ba. Ga ango da amaryar da ban sani ba ko har yau suna tare, ga tsohon nan mai karkatacciyar hula wanda aka ce ya rasu kafin hotonsa ya bushe, ga wata mata da ta ce bari ta je ta dawo, shekara ta zagayo ba ta dawo ba. Da safe nakan yi musu ina kwana, don zama da mutane ba gaisuwa rashin tarbiyya ne. Amma tun da maganar nan ta taso sai nake ji kamar sun daina kallon kyamara, ni suke kallo. Na matsa hagu idanunsu na biye da ni, na matsa dama haka. Na san sana'ata, na san duk wanda ya dubi kyamara kai tsaye haka idonsa ke yi a takarda. Sanin bai hana tsigar jikina tashi ba.

Kin tuna ranar da kika fara shigowa nan? Hoton katin aiki kika zo ɗauka, da ƙurar alli a hannun rigarki. Na zaunar da ke gaban farin labule, na ce ki ɗaga haɓa ki rufe baki, ba a dariya a hoton kati. Kika ce, "To Malam, kai ma ka daina yi mini fuskar mai karɓar gaisuwar mutuwa mana." Na danna, kika tuntsire. Na sake dannawa, kika sake. Har mai aski ya leƙo da kumfa a hannu yana tambayar ko biki ake yi ba a gayyace shi ba. Wanda ya fito daidai a ƙarshe shi ne mafi muni a cikinsu, kin murtuke kamar shugabar makaranta, shi kika tafi da shi. Waɗanda suka lalace kuwa ban iya zubarwa ba. Ya haskena, ashe akwai ɓarnar da mutum zai yi ta gode wa Allah a kanta?

Baba ya karɓe ni hannu bibbiyu, ke shaida ce. Yana kirana ɗana, yana tsokanata cewa mai hoto ba ya tsufa don kullum a bayan kyamara yake ɓuya. Magana ta yi nisa, manya sun fara duban lokaci. Sai ga rigimar indararon nan tsakaninsa da ƙanensa, Baffanki, da katanga ɗaya ce ta raba gidajensu. Ruwan rufin wannan yana zuba a tsakar gidan wancan, daga ruwa aka koma tonon silili, aka tono abin da aka binne tun suna yara, har aka rantse ba gaisuwa ba zuwa jana'iza. Ni dai na ce tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, damina na wucewa za su huce. Ban ankara ba sai ga Baba a shagona, rungume da babban hoton nan na falonku a naɗe cikin zane. Ya ajiye a kan kanta, ya ɗora yatsa a kan fuskar Baffa ya ce, "Ɗana, cire mini wannan. Ka cike wurin da bango, kamar ba a taɓa haihuwarsa ba."

A ranar na ce ya bar mini in duba. Da ya tafi na zare hoton daga gilashi, na ɗauke shi a na'ura, na faɗaɗa shi a allon kwamfuta har ƙwayar takardar ta fito. Ke ba ki taɓa ganinsa haka ba, ke da kika girma a ƙarƙashinsa. Kina 'yar mitsitsiya a gaba, takalmanki a juye, na hagu a ƙafar dama. Hannun Baffa na kan kafaɗarki, ya ɗan danne ta don kada ki gudu, har rigarki ta tattare a ƙarƙashin yatsunsa. Marigayiya Mama kuwa, Allah ya jiƙanta, ita kaɗai ce ba ta dubi mai hoto ba. Ta juya tana duban ƙanen mijinta, bakinta a buɗe da dariya, da gani ya jefo wata maganar barkwanci daidai lokacin da aka danna. Na kai hannu na zagaye jikin Baffa da layi don in ga yadda wurin zai kasance. Wallahi rana tsaka ce, ana zafi, amma na ji sanyi ya taso daga ƙasan kanta ya kama mini ƙafafu. Mace tana dariya ga bango. Yarinya ta karkata ƙarƙashin nauyin hannun da babu shi. Na janye layin, na kashe allon, na fita na zauna a bencin mai aski har magariba ta kawo kai.

Da Baba ya dawo na ba shi kujera, na durƙusa na ce, "Baba, ka gafarce ni. Zan cire tabon ruwan nan, in ɗinke tsagewar gefe, in sa sabon gilashi. Abin da zamani ya ci ina mayar da shi. Amma ba na cire mutum." Ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba. Ya ce, "Kai ne za ka koya mini zumunci, da furfurata? Hoton gidanku ne ko na gidana?" Na ce na gidansa ne. Ya ce, "To wanda ba zai cire mini ƙaya a ƙafa ba, ba ni da 'yar da zan ba shi." Ba zan ɓoye miki ba, raina ya ɓaci. Amsa ta zo mini har bakin leɓe, mai zafi, irin wadda in ta fita ba a mayar da ita. Na haɗiye ta. Na mayar da hoton cikin gilashinsa, na naɗe shi a zanen, na ɗauka na raka shi har bakin titi, na ce Allah ya huci zuciyarsa. Bai waiwayo ba. Mai aski da ya ji komai ta bango ya ce, "Kai dai anya ba a yi maka asiri ba? Ka goge gemu ɗaya ka samu mata guda! Ni kullum gemu nawa nake gogewa, ko bazawara ba a ba ni ba."

Na yi dariya, amma da kika zo washegari ban yi ba. Idanunki sun kumbura, kika tsaya daidai inda yayarki ta tsaya jiya, kika ce in yi guda biyu, in ba Baba wanda aka goge, in ɓoye na gaskiyar a aljihun tebur har ranar da za su shirya. Dabara ce mai kyau, ya mai hankalina, kowa ya ji zai ce kin kawo mafita. Na girgiza kai. Kika ce, "Ashe takarda ta fi ni a wurinka." Kika juya. Na bi bayanki da ido har kika sha kwana. Wannan kalma taki ita ce take kwana da ni take tashi da ni. Takarda ta fi ki? Ke da in an ce in zaɓa tsakanin idanuna da ke, zan tambaya ko a bar mini ɗaya in riƙa ganinki da shi?

Ga abin da ban iya faɗa miki a tsaye ba. A ɗakin kakata, inda na girma, akwai wani hoto sama da ƙofa. Jariri ne zaune a kan kujera, a miƙe cas, alhali jariri mai waɗannan watanni ba ya iya zama shi kaɗai. Ni ne. Mahaifiyata ta samu saɓani da dangin mahaifina ta bar gidan ina goye, aka karɓe ni, aka kai hoton wurin wani mai hoto na wancan zamani. Da buroshi da tawada ya shafe ta, ya zana jingina ta kujera a inda ƙirjinta yake. Ya iya aikinsa. Abu ɗaya ya gagare shi: yatsunta huɗu da suka zagaye cikina, ɗaya da siririn zobe. In ya cire su sai ya cire cikin jaririn, sai ya bar su. Da waɗannan yatsu na koyi ƙirga. In na tambaya na wane ne, sai a ce in je in yi wasa. Idan damina ta yi nisa ɗakin ya yi laima, wata inuwa takan taso ta ƙarƙashin tawadar, kamar kafaɗa, kamar gefen wuya. Sai in jawo turmi in hau, in tsaya ina jira fuskar ta fito. Rani na zuwa inuwar ta koma. Mahaifiyata ta rasu a wani gari kafin in yi wayon nemanta, ba ta bar wani hoto ba. Na san faratan uwata, na san zobenta, ban san fuskarta ba.

Waɗanda suka kai hoton nan ba mugaye ba ne, fushi suke yi, kuma fushin ya wuce. Kakata da bakinta ta riƙa sa wa mahaifiyata albarka kafin ta cika. Fushi ya tafi, tawada ta zauna. Shi ya sa ranar da na fara riƙe kyamara na yi wa kaina alkawari, hannuna ba zai yi wa wani yaro abin da aka yi mini ba. Na gaskiyar da kika ce a ɓoye a aljihun tebur, wa zai gan shi? Wanda ke rataye a falo shi 'ya'yan yayarki za su tashi suna kallo, shi za su ɗauka gaskiya, su tambaya me kakarsu take yi wa dariya a ce su je su yi wasa.

Ana wata ga wata. Labari ya kai kunnen Baffa cewa na ƙi goge shi, sai ga shi da sandarsa yana ɗingishi, fuska kamar gonar auduga, yana kirana ɗan halak. Na ji daɗi, na ce ko banza na samu mai fahimtata. Sai ya zaro nasa kwafin hoton daga cikin riga, iri ɗaya sak da na falonku, ya ɗora yatsa a kan fuskar Baba ya ce, "Yauwa ɗan albarka, cire mini wannan." Ban san lokacin da dariya ta kuɓuce mini ba, dariyar da ta fi kuka ciwo. Na durƙusa a daidai inda na durƙusa wa yayansa, na maimaita masa abin da na faɗa wa yayansa. Fara'ar ta ɗauke. Ya kira ni mai taurin kai, kalmar da Baba ma ya kira ni da ita, har mai aski ya ce in gode wa Allah, na zama abu na farko da suka yi ittifaƙi a kansa tun farkon damina. Amma da ya kai bakin ƙofa ya juyo ya ce, "Ko ba ka goge ba, turo mini yarinyar. Ni ma ubanta ne. Zan ɗaura muku aure a ƙofar gidana, in sa lasifika ta fuskanci katangarsa." Kin ji asalin tayin da aka kawo miki. Ba don ni ba ne, ba don ke ba ne, ya farin cikina, so yake ya jefi ɗan'uwansa da mu.

Duk da haka zuciyata ta yi kwaɗayi, ba zan yi miki ƙarya ba. Na ce mene ne laifina? Ban goge kowa ba, aure ne na halal, baffa uba ne. Da wannan tunani na tafi gidanku shekaranjiya da hantsi, kina makaranta, da niyyar in gaida Baba in gwada sa'ata ta ƙarshe. Ƙofar falo a buɗe take. Na yi sallama, shiru. Na sake, shiru. Na leƙa. Ashe ya kai hoton wurin mai hoton bakin kasuwa, an yi masa aikin, har an rataye. Ban raina wa abokin sana'ata ba, ya cike wurin da bango da tukunyar fure, ya gyara miki kafaɗa iya iyawarsa. Amma Mama tana nan tana ƙyaƙyata wa tukunya dariya, ke kuma kin karkace kamar wani abu marar ganuwa ya dafa ki. Ko'ina ka duba a hoton, idonka wurin yake komawa.

Baba na zaune shi kaɗai. Ya juya kujerarsa ta ba talabijin baya, ta fuskanci bangon. Da farko na ɗauka lazimi yake yi, sai na ji muryarsa ƙasa-ƙasa, da tukunyar furen yake magana. "Tun muna yara haka kake," in ji shi, "ba ka taɓa cewa ka yi kuskure ba. Indararo kawai! Sai ka ce ba ni na goya ka ba." Ya yi shiru kamar mai sauraron amsa, har ya gyaɗa kai. Labulen taga ya motsa, alhali ba iska. Can ya sake cewa, da wata murya da ban taɓa jin ta a bakinsa ba, "Ƙafar taka fa, da sauƙi?" Na ja da baya a hankali, na ɗauki takalmana a hannu, sai da na kai titi na saka su.

To ga amsata, ya rabin raina. Kada ki fito. Ina son ki son da ban san inda zan ajiye shi ba, ina son ki kamar yadda shuka ke son raɓa, kuma da wannan son nake cewa kada ki fito. In kika bar gidan nan ta ƙofar fushi, gurbi na biyu zai buɗe a falon, tsohon nan ya zauna yana tambayar bango ko kin ci abinci. Na ƙi yanke mutum daga takarda, yaya zan yarda a yanko mini ke daga jikin mahaifinki? Hannu ba ya ruɓewa a yanke a yar, balle wannan hannu bai ruɓe ba, ciwo kawai yake yi. Ina so in karɓe ki daga hannunsa, Baffa na tsaye a gefensa, ko da suna harare-harare.

Na san abin da nake jefawa a wuta. Mai yiwuwa ki karanta wannan ki ce na cika matsoraci, mai yiwuwa ki gaji da jira, mai yiwuwa Baba ya rantse ya kuma rantsewa har wani ya riga ni. Amma ga abin da zan iya. Duk mako zan zo ƙofar gidanku in yi sallama, in an amsa in durƙusa in gaishe shi, in ba a amsa ba in zauna a dakali har inuwa ta juya. Daga nan in zagaya in gaida Baffa, shi ma ya zage ni son ransa. Ba zan kai maganar wannan wurin wancan ba, ba zan rama ba, ba kuma zan daina zuwa ba. In furfura ta riske ni a kan dakalin nan, to ta riske ni ina jiran ki, don ban ajiye wa wata wuri ba, ba kuma zan ajiye ba.

Abu ɗaya nake roƙo. Yau in kin dawo daga makaranta, ki jawo jakar nan ki kwance ta, ki mayar da kayan inda suke. Sannan ki shiga falo. Kada ki ce masa komai a kaina. Ki ɗauki kujera ki zauna kusa da shi, a inda in ya gaji da magana da bango ya juyo, zai tarar da mutum.

Naki jiya, naki yau, naki har ranar da za a rufe mini ido,

Mai hoto.